Wayar da Ta San Fuska Ɗaya

Mai Aski ya gama da lamba uku a tsakiyar kan wani direba, ya zare matajin daga bakin injin aski ya ɗora lamba biyu, sai ga matarsa a ƙofar shago. Hannunta ja ne har gwiwar hannu. Tana riƙe da wani abu da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ruwan tattasai na ɗiga daga jikinsa.

"Ta faɗa bokiti," in ji ta.

Ya kashe injin. Sai da ya matso ya gane wayarta ce.

Matar tana da injin markaɗe a ƙarshen layinsu, a wata rumfa mai rufin kwano, kuma kowa Mai Markaɗe yake ce mata. Ba ta saba barin injin da rana ba, ko da gobara ake a maƙwabta. Shi ya sa da ya gan ta a tsaye, bai tambayi lafiyar wayar ba.

"Auta ce?"

"An shiga da ita asibiti tun safe. Mijinta ya turo saƙon murya. Na maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa don in ji, inji na ta ƙara, sai ta sulluɓe."

"Me ya ce?"

"Ya ce an shiga da ita. Ya ce da zarar an fito zai turo." Ta goge hannu a zane. "Daga nan ban ji sauran ba."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aure a wata ƙasa mai nisa, inda sai ta intanet ake jin muryarta. Bara ma an shiga da ita ɗakin haihuwa, ta dawo gida ba goyo. Ba a maganar a gidan, amma tun da cikin nan ya tsufa Mai Markaɗe ba ta ajiye waya ko wanka za ta shiga.

Mai Aski ya ciro tasa 'yar wayar mai madannai, wadda aka ɗaure murfinta da roba. Ba ta san intanet ba, kira kawai take yi. Ya kira lambar Auta, aka ce a kashe take. Lambar surukin kuwa bai taɓa ajiyewa ba, don kullum ta wayar matarsa suke gaisawa.

"Zan aika a kira ƙanena ya je kasuwa ya sayo wata," in ji ta.

"Ƙanenki? Ina raye?"

"Malam, fankar da ka sayo mai rimot har yau iska ɗaya take bayarwa."

"Fanka daban, waya daban."

Direban da ke kan kujera ya ɗago rabin kansa da aka aske. "Don Allah a gama da ni kafin a raba gado."

Mai Aski ya kunna inji. Hannunsa ya bi hanyar da ya saba tun yana saurayi, bakinsa na raka shi ƙasa-ƙasa: uku a sama, biyu a gefe, ɗaya a bayan kunne, sifili a ƙeya. Ko yana cikin damuwa ba ya tsallake mataji. Matarsa ta tsaya tana kallonsa har ya kakkaɓe tawul, sannan ta miƙa masa layin wayar, ɗan ƙaramin sim da ta naɗe a hankici.

"Abu biyu," ta ce. "Mai ƙara, wadda zan ji in inji na aiki. Kuma ta shiga nan." Ta buga aljihun da ta ɗinka a gaban rigar aikinta. "Shi ke nan."

"Kin gama?"

"Na gama."

Daga kan benci aka yi gyaran murya. Injiniya ne, abokin Mai Aski, wanda ya yi ritaya daga aikin ajiyar kaya a wani ofis. Kansa sanƙo ne tas, bai da abin da za a aske, amma kullum shi ne na farko a shagon. Sunan ya samo shi ne ranar da ya kwance rediyon shagon don ya gyara, ya mayar da ita da ragowar ƙusoshi a hannu. Tun da ya bar aiki ba abin da yake bi sai labarin wayoyi.

"Ba za a bar ka ka je kai kaɗai su cuce ka ba," in ji shi, yana neman takalminsa a ƙarƙashin benci.

A cikin bas aka fara karatu. Sun samu kujerar baya, gwiwoyinsu a ƙirji, wata mata da kwandon albasa a gefensu.

"Abu na farko ram," in ji Injiniya. "Ka ɗauka kujerun shagonka ne. In kujera ɗaya gare ka, mutum ɗaya za ka aske. In takwas ne fa?"

"Hannuna biyu ne."

"Waya ba ta da hannu. Takwas za mu nema. Sai memori, shi ne ɗakin ajiya. Ɗari biyu da hamsin da shida. Batir dubu biyar, kada ka yarda da ƙasa da haka ko sun yi maka kuka. Kyamara kuma, ana yin mai megafiksal ɗari da takwas yanzu."

"Mene ne megafiksal?"

Injiniya ya dubi taga. "Ƙwayoyin hoto ne. In sun yi yawa, ko ƙuda ka ɗauka sai ka ga gashin idonsa."

"Ƙuda na da gashin ido?" in ji mai albasa.

"Baiwar Allah, ba da ke ake ba."

Mai Aski mutum ne mai sauraro. Watanni ya yi yana jin samari suna wannan gardama a kan bencinsa, bai taɓa sa baki ba, amma kalmomin sun zauna masa kamar waƙar da ba ka san ma'anarta ba. Yau ga shi za su yi amfani. Ya dinga maimaitawa a zuci: takwas, ɗari biyu da hamsin da shida, dubu biyar, ɗari da takwas. Can ƙasan lambobin akwai Auta a kan gadon asibiti, sai ya ƙara ƙarfin maimaitawar don kada ya gan ta.

Kasuwar waya bene ce mai hawa-hawa, kowane shago da lasifikarsa. Suka shiga wani shago mai sanyi, mai ƙofar gilashi. Mai shagon matashi ne mai siririn gemu. Abin da Mai Aski ya fara gani shi ne an karkata masa layin gemun ta hagu, amma ya haɗiye.

"Sannu da zuwa, Baba. Ta wa za a saya?"

"Ta iyali."

"Me Mama ke yi da waya?"

Mai Aski ya buɗe baki. Injiniya ya riga shi.

"Ram nawa kake da shi?"

Matashin ya dube su, ya ɗauko wata matsakaiciya daga cikin gilashi. "Ga wannan. Iyayenmu mata suna sonta. Ƙararta kamar ta coci da masallaci a haɗe, kuma ko ta faɗi ba ta cika fashewa ba. Ram huɗu."

"Huɗu!" Injiniya ya dafe ƙirji. "Ka dube mu da kyau, ɗana. Mun yi maka kama da 'yan ram huɗu?"

"Yallaɓai, takwas ai sai mai wasan tseren mota. Mama na wasan tsere?"

"Markaɗe take," in ji Mai Aski.

"To ka gani."

"Wannan ba huruminka ba ne," in ji Injiniya. "Fito da ta manya."

Matashin ya ɗaga kafaɗa, ya shiga ciki, ya dawo da kwali baƙi. Da ya buɗe, shagon ya yi kamar an ƙara fitila. Doguwa ce, faffaɗa, bayanta na sheƙi, ga idanun kyamara huɗu a jere kamar na gizo-gizo. Mai Aski ya ɗauka. Nauyinta ya tuna masa da tayil ɗin da aka shimfiɗa a shagonsa.

Ya juya kwalin. Ga su nan a rubuce, duk lambobin da ya haddace a bas, ba wadda ta ɓata. Wani daɗi ya kama shi irin na wanda ya shiga baƙon gari ya ci karo da 'yan unguwarsu.

"Tana da ƙara?" ya tambaya, don bai manta ba.

Matashin ya danna. Wani sauti ya fito mai laushi, kamar ruwa na ɗiga a kwano na azurfa. A cikin shagon mai ƙofar gilashi, ya cika ko'ina.

"Ka ji?" in ji Injiniya. "Wannan ba ƙara ba ce, tarbiyya ce."

Mai Aski ya gwada ta a aljihun rigarsa, ta shige. Aljihun matarsa bai zo da shi ba, sai ya ɗauka duk aljihu aljihu ne. Ya sake kallon mai ram huɗu a kan gilashi, ƙarama, ba ado. Sai ya tuna ƙanen matarsa, da yadda zai juya ta a hannu ya ce, a'a, wannan Yaya ya iya sayowa? Aka yi ciniki, aka ja, aka saki, ya biya.

Matashin ya kwance hankicin, ya yi atishawa, ya goge sim ɗin ya saka. Ya sauke manhajar saƙonni, ya haɗa ta da layin. Babu sabon saƙo tukuna.

"Yanzu tsaro. Baba, kalli nan. Juya kai dama. Hagu. Ɗago haɓa. Yawwa. Rufe ta, ka sake kallonta."

Mai Aski ya kalle ta. Ta buɗe da kanta.

Shekarunsa nawa yana kallon fuskokin mutane a madubi, ba wanda ya taɓa kallon tasa ya yi wani abu a kai. Ya rufe, ya kalla, ta buɗe. Ya yi murmushi. Bai zo masa a rai ba cewa ba shi ne mai wayar ba, shi ma matashin bai tuna ba, don wata mata ta shigo tana tambayar caja.

"Saura lambar sirri, Baba. Lamba huɗu da ba za ka manta ba. Ni na juya baya."

Daidai lokacin mai shagon da ke maƙwabtaka ya leƙo, ya ga kwalin, ya ce wa Injiniya ɗari da takwas ɗin nan duk talla ce, a zahiri sha biyu take ɗauka. Injiniya ya miƙe tsaye. Muryoyi suka tashi. Kunnen Mai Aski ya tafi can gaba ɗaya, kamar yadda yake yi a shago in ana gardama yana aski. Wayar ta nemi lamba, yatsansa ya danna. Ta ce a maimaita, ya maimaita.

"An gama?" in ji matashin.

"Sha biyu fa ya ce," in ji Mai Aski. "Gaskiya ne?"

"Hassada ce," in ji Injiniya. "Mu tafi."

A hanyar dawowa suka faɗa cunkoso. Mai Aski ya dinga ɗago wayar yana kallonta, tana buɗewa, yana duba ko saƙo ya shigo. Babu. Kwandasta ya tambaye shi ko madubi ya saya.

Tun daga bakin layi ake jin injin Mai Markaɗe. Mata sun yi layi da bokitai da robobi, wasu a tsaye wasu a zaune a kan bulo. Iskar rumfar yaji ce zalla. Tana tsaye tana tura tumatir da muciya a bakin injin, idonta a kan hanya.

Ya buɗe kwalin a gabanta da hannu biyu.

"Ram takwas!" ya yi ihu don ta ji.

"Me?"

"Takwas! Kyamara huɗu!"

Ta goge hannu, ta karɓa, ta auna nauyinta. Ta zura ta a aljihun gaban riga. Rabi ya shiga, rabi ya tsaya a waje yana leƙen bokiti. Ta ciro ta.

"Ya turo?"

"Tukuna!"

"Kira ni in ji!"

Ya ciro 'yar wayarsa ya kira. Allon sabuwar ya yi haske a tafin hannunta. Suka tsaya suna kallonta tana haske. In ma ruwan azurfar na ɗiga, ba wanda ya ji ɗigo ɗaya.

"Ta fara?" in ji ta.

"Har ta gama," in ji wata tsohuwa da ke kan gaba a layi. "Kawo mu gani, 'yar nan."

Wayar ta shiga hannun mata. Tsohuwa ta kalla, ta miƙa wa matar mai kantin layin. Matar mai kanti ta gyara ɗankwali a cikin baƙin allon, ta miƙa wa wata mai goyo. Kowacce ta ɗago ta daidai fuska, kowacce wayar ta ɗan girgiza mata, ta rubuta wani abu ƙanana a sama, ba wadda ta kula. Aka yaba idanun. Aka ce Mai Markaɗe ta shigo gari. Wata ta tambaya ko ta huɗun ta ganin aljanu ce.

Tana hannun tsohuwa karo na biyu sai ta yi tsalle.

"Wayyo! Ta motsa!"

Mai Markaɗe ta fizge. A kan allon an rubuta saƙo biyu sun shigo, ba suna, ba komai. Ta shafa da yatsa, ta shafa, bai buɗe ba.

"Kawo," in ji Mai Aski, ya gyara tsayuwa. "Fuskata kaɗai ta sani."

"Fuskar wa?"

"Tawa. Tsaro ne."

"Wayata ce ta san fuskarka?"

Mata suka kwashe da dariya. Ya karɓa, ya ɗago haɓa yadda aka koya masa. Yajin ya shige masa hanci, ya yi atishawa uku a jere, idanunsa suka kawo ruwa. Da ya share, ya ga rubutun. Ya karanta a hankali, don shi boko da girmansa ya koya: an gwada fuskoki da yawa, a saka lambar sirri.

Mai Markaɗe ta miƙa hannu ta kashe inji.

Shirun da ya biyo baya har kunne yake toshewa. Aka ji ruwa na ɗiga daga bakin injin cikin bokiti.

"Saka," ta ce.

Ya dubi madannan. Ya nemi lambar a kansa, ya tarar da kan cike da lambobi, kowacce na ɗaga hannu.

"Batir," in ji shi. Ya danna biyar da sifili uku. Wayar ta girgiza kai.

"Ram da memori ne," in ji Injiniya. "Takwas, biyu, biyar, shida. Duk mai hankali ita zai sa."

Ba ita ba ce.

Suka gwada kyamara da sifili a gaba. Suka gwada ta da sifili a baya. Injiniya ya ɗauki kwalin yana juyawa, ya samo faɗin allo, ya samo ƙarfin caja. Wayar ta ce a dakata, ta fara ƙirga lokaci da kanta. Kafin ta gama, saƙon ya zama uku.

"Ba kai ka saka ba?" in ji matar mai kanti.

"Ni na saka."

"Da hannunka?"

"Da na wa?"

"To Allah ya sa ba haka kake yi wa kawunan mazajenmu ba."

Wannan karon dariyar ba ta yi nisa ba, don sun ga fuskar Mai Markaɗe. Saƙo ya zama huɗu. Ta zuba wa lambar ido.

"Labari mai daɗi sau ɗaya ake turo shi," ta ce, ba da kowa ba.

"Haba, Yaya," in ji mai goyo. "Ai murna ma na sa mutum surutu."

Lambar shagon na jikin ledar da aka sako kwalin. Mai Aski ya kira da 'yar wayarsa, ya koma gefe, ya toshe kunne ɗaya duk da injin a kashe yake.

"Baba, ai na ce maka na juya baya," in ji matashin. "In ta ƙi, sai dai ka kawo a wanke ta."

"A wanke?"

"A goge komai, ta dawo sabuwa."

"Saƙon da ke ciki fa?"

"Ya tafi. Kuma kada ku yi ta gwadawa, jiran ƙaruwa yake. In kuka matsa mata sai ta kai ku gobe."

Ya dawo ya faɗa, bai rage komai ba. Injiniya ya ce a ka'ida wannan alama ce ta waya mai inganci, ƙaramar waya ba ta iya irin wannan taurin kai. Ya koma ya zauna a kan bulo, kwalin a cinya.

Mai Markaɗe ta kifa wani bokiti ta zauna. Ta jawo buta ta wanke hannunta har gwiwa, a nutse, ta goge yatsu ɗaya bayan ɗaya. Mijinta na tsaye a gabanta, wayar a hannun hagu, hannun dama a jikin cinyarsa.

"Malam, me yaron ya ce maka?"

"Ya ce in sa lambar da ba zan manta ba."

"Ka zauna ka yi tunani, ka zaɓa?"

"Ana gardama ne a lokacin."

"Kana saurare."

"Ina saurare."

"Kai ke nan ba ka wurin. Hannunka kaɗai ka bari."

Ba fuskarsa take kallo ba. Hannunsa na dama take kallo. Yatsun na bugun cinyarsa, suna saukowa daga sama zuwa ƙasa, su koma sama su sake saukowa, leɓensa na motsi bai sani ba.

"Miƙo."

"Kin san ta?"

"Tun ina amarya nake jin ta. Kana cin abinci kana yi. Ranar da aka haifi Auta, a bakin ƙofar asibiti, ita ka dinga yi wa bango."

Ta ɗora yatsa a kan uku.

"Tsaya!" Ya gane inda ta nufa, kunya ta kama shi a gaban mata. "Ni da na haddace kwalin nan kaf, a ce lambar mataji zan sa wa waya irin wannan?"

"Uwargida, a yi hattara," in ji Injiniya. "In aka kuskure wannan, sai gobe. Ni a shawarata a sake duba ƙarfin caja."

Ta danna uku. Ta danna biyu. Ɗaya. Sifili.

Allon ya buɗe.

Ba ta ko dube shi ba. Ta shiga saƙonnin, ta danna na farko, ta kai ƙarar ƙarshe. Ƙarshen ma ba wani abu ba ne, sai da kawuna suka haɗu a kan wayar kamar kaji a kan tsaba. Muryar surukin ta fito siririya.

"Mama, ina wuni. An wuni lafiya? Ya gida, ya aiki? Ya Baba? Ya jama'ar layi, da fatan kowa lafiya. Ya zafi a wajenku?"

"Kai, faɗi mana!" tsohuwa ta daka wa wayar tsawa.

Saƙon ya ƙare a nan. Mai Markaɗe ta danna na biyu, yatsanta na kuskure wuri.

"Mama, yi haƙuri, hannuna ne ya saki. Ta sauka. Ta sauka lafiya. Mace ce. Duk su biyun lafiya lau, likita ya ce..." Sauran ya ɓace a cikin ihun mata. Mai goyo ta rungume matar mai kanti, wani bokiti ya kife, tumatir suka gangara titi.

Na uku ba magana. Kuka ne, ƙarami, mai kaifi, irin na wanda aka tashe shi bai shirya ba. Shi kam kowa ya ji shi, har Injiniya a kan bulo. Mai Markaɗe ta sa shi ya ƙare, ta sake sa shi. Ta ja bakin ɗankwali ta goge ido, ta ce yaji ne.

Na huɗu hoto ne. Rabinsa babban yatsan surukin ne. Sauran rabin wani abu ne mai duhu-duhu a cikin farin zane, kamar an ɗauka ta bayan gilashin da aka shafa wa mai.

Mai Aski ya sunkuyo. Ya buɗe hoton da yatsu biyu yadda ya ga samari na yi. Abin ya ƙara girma, ya ƙara dishewa.

"Ina ɗari da takwas ɗin?" ya juya ga Injiniya. "Ka ce har gashin idon ƙuda."

Injiniya ya shafa sanƙonsa. "Ai wannan kyamarar can ce ta ɗauka. Tamu karɓa kawai ta yi."

"To me idanu huɗun ke yi?" in ji tsohuwa.

"Suna jira," in ji Injiniya.

Mai Markaɗe ta mayar da hoton yadda yake. Ta daɗe tana kallo. "Hancin Auta ne," ta ce. Ba wanda ya ga hanci, amma duk suka yarda.

Ta yi nata saƙon, gajere, ta sa albarka, ta ce a ba Auta ruwa mai ɗumi, kada a bar ta ta yi ta magana. Sannan ta miƙa wa mijinta. "Riƙe nan ka yi magana. Kada ka saki."

Ya riƙe. Ya yi gyaran murya.

"Barka, ɗana. Barka. Allah ya raya. Ka gaishe min da Auta, ka ce mata..." Ya tsaya, mata suka sunkuyar da kai. "Ka ce mata Babanta ya ji. Ya ji kukan." Ya ja numfashi, ya dubi hoton da ke bayan rubutun. "Sannan, ba don komai ba, wayar nan taka, megafiksal nawa ce? Don in za ka canza, kada ka yarda da ƙasa da..."

Mai Markaɗe ta kunna inji.

Rumfar ta ɗauki rawa. Ya saki yatsa, saƙon ya tafi da ƙarar a ƙarshensa. Ya miƙa mata wayar. Ta dubi aljihunta, ta dubi bokitin da ke ƙarƙashin inji, ta girgiza kai.

"Tsaya nan!" ta yi ihu, ta nuna masa gefenta da muciya. "In ta yi haske, ka taɓa ni!"

"Shago fa? Akwai masu jira!"

"Gashi ba ya gudu! Kai ka sayo marar murya!" Ta juya ga layi. "Ta gaba, miƙo robarki!"

Injiniya ya ce shi zai je ya ba mutane haƙuri, ya tafi da kwalin a hammata. Mai Aski ya gyara tsayuwa a gefen inji, yaji na shigar masa ido. Allon ya yi duhu. Ya ɗago shi daidai fuska, ya ɗaga haɓa, wayar ta gane shi ta buɗe. Ya sake kallon hoton. A saman abin nan mai duhu-duhu, in ka ƙanƙance ido, akwai wani baƙi mai kauri. Ya matso da shi kusa.

Gashi ne. Da yawa kuwa.

Ya taɓa kafaɗar matarsa don ya nuna mata. Ta saki muciya a firgice.

"Ya turo?"

"A'a!"

"To riƙe da kyau!"